AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: KUƊIN MARASA LAFIYA A INGILA

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a ƙasar Ingila, ta kwanta, ta sake tashi, wadda na ga ya kamata in kawo ta nan mu duba tare, malamai da ɗalibai da sauran masu karanta wannan mujalla. Gardamar kuwa a kan kuɗin da Gwamnatinsu ke ba mutanen da ciwo ya hana su aiki ne. Kowace shekara in an karanta kasafi sai a ga kuɗin nan sun ƙaru. Sai waɗansu su tashi su ce, ai mutane ne suka lalace, sun gane kwanciya ta fi aiki riba, sabo da haka a tsananta, a rage. Waɗansu kuwa su ce ko kwabo kada a taɓa, wanda ya taɓa azzalumi ne. Ni dai a ganina masu cewa a rage sun bar jaki suna dukan taiki, masu cewa kada a taɓa kuwa ko duban jakin ba su yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. In ana so kuɗin su ragu, sai a nemi abin da ke kwantar da mutane, da abin da ke hana su tashi bayan sun kwanta. Bari in bi maganar daki daki, ku ma ku yanke naku hukunci.

MAFARIN ABIN

Ba mutanen Ingila ne suka fara wannan tsari ba. A Jamus aka fara shi, cikin shekarar 1883, zamanin da Bismak ya ke Wazirin Sarkin Jamus. Ya sa aka yi doka cewa ma'aikatan masana'antu su riƙa zuba wani abu daga ladansu cikin asusu, ma'aikaci ya biya kashi biyu cikin uku, ubangidansa ya biya kashi ɗaya. Wanda ya kwanta ciwo sai asusun ya biya masa likita da magani, ya kuma ba shi ɗan abin cefane har mako 13. Ba tausayi kaɗai ya sa Bismak ya yi haka ba. Ya ga leburori suna ta kwarara zuwa jam'iyyar gurguzu, ya kuma san wanda ya tabbata Gwamnati ba za ta yar da shi ran da ya kwanta ba, da wuya ya yi mata tawaye.

Loyid Joj, Ministan Kuɗin Ingila, ya tafi Jamus a 1908 ya gano wa idonsa, ya komo gida ya kawo tasa dokar a 1911. Lissafinta mai sauƙi ne, ko ɗan aji uku ya iya shi. Kowane mako ma'aikaci namiji ya biya kwabo 4, ubangidansa ya biya kwabo 3, Gwamnati ta cika kwabo 2, watau da kwabo huɗu mutum ya sayi abin kwabo tara. In ya kwanta a ba shi sule 10 a mako har mako 26, mace kuwa sule 7 da sisi, likita kuma ya duba shi kyauta. Amma matarsa da 'ya'yansa ba su ciki.

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a watan Disamba 1942, wani masanin tattalin arziki wai shi Wiliyam Bebarij ya fito da rahoton da Gwamnati ta sa shi ya rubuta. Ya lissafa ƙattai biyar waɗanda ya ce sai an ka da su ƙasa za ta zauna lafiya bayan yaƙi, watau fatara, da cuta, da jahilci, da ƙazantar muhalli, da zaman banza. Shirinsa shi ne kowa ya zuba daidai, kowa kuma ya ɗiba daidai sa'ad da bukata ta kama shi. Amma ga abin da mutane da yawa ke mantawa. Bebarij ya ɗora tukunyarsa bisa duwatsun murhu uku, ya kuwa faɗa a fili cewa sai da su za ta zauna. Na ɗaya, kuɗin renon yara. Na biyu, magani ga kowa, irin wanda zai warkar da mutum har ya mai da shi bakin aikinsa. Na uku, Gwamnati ta tsaya tsayin daka kada aiki ya yi ƙaranci a ƙasa. Ku riƙe duwatsun nan uku, don za mu komo kansu.

Ran 5 ga Yuli 1948 aka buɗe hukumar magani kyauta ta ƙasa duka, ran nan kuma sabuwar dokar asusun ta fara aiki, mara lafiya ya riƙa samun sule 26 a mako. Masu shirin sun zaci in an warkar da jama'a kuɗin magani ba za su yi ta hawa ba. Ba a yi shekara uku ba sai ga shi kuɗin sun wuce abin da aka ƙiyasta. A 1951 aka ɗora kuɗi a kan haƙoran roba da tabarau, har Beban, Ministan da ya kafa hukumar, ya yi fushi ya ajiye aiki. A 1952 aka sa sule ɗaya a kan takardar magani. Kun ga ke nan kukan cewa kuɗi sun yi yawa tsoho ne, kusan tare aka haife shi da tsarin.

HAWAN FARKO

A 1971 aka ware wani taimako dabam domin masu doguwar jinya, waɗanda suka wuce wata shida ba su iya aiki. A 1979 masu karɓar kuɗin rashin iya aiki wajen 700,000 ne. Kafin a fita shekarun 1990 sun kai wajen miliyan biyu da rabi. To, wace irin annoba ce ta faɗa wa Ingila har marasa lafiya suka riɓanya uku cikin shekara 20? Babu ko ɗaya. A shekarun nan ma mutanensu sai ƙara tsawon rai su ke yi.

Abin da ya faru shi ne, zamanin mulkin Magaret Tacha aka yi ta rufe ramukan kwal da masana'antun ƙarfe da wuraren ƙera jiragen ruwa. A watan Janairu 1982 marasa aiki suka wuce miliyan 3. Masu haƙar kwal suka yi yajin aiki na shekara guda, daga 1984 zuwa 1985, aka fi ƙarfinsu, ramuka suka ci gaba da rufuwa ɗaya bayan ɗaya. In ka ɗauki taswirar wuraren da aka rufe, ka ɗora a kan taswirar wuraren da masu karɓar kuɗin jinya suka fi yawa, sai ka ga kamar hoto guda ne: kwaruruwan kudancin Welis, da yankin Daram, da Gilasgo, da Libaful.

Ku ɗauki misalin mai haƙar kwal ɗan shekara 52, wanda ya yi shekara 30 a cikin rami. Ƙura ta cika masa ƙirji, baya ya sage. Muddin ramin na nan yana ɗaukar ciwonsa ya tafi da shi aiki, in abin ya tsananta a ba shi aiki mai sauƙi a bakin rami. Ran da aka rufe, wa zai ɗauke shi ga samari nan birjik suna nema? Taga biyu ce a gabansa. Ta marasa aiki, kuɗinta kaɗan, bayan shekara guda kuma sai an bincika abin da ke cikin gidansa kafin a ba shi. Ta marasa lafiya, kuɗinta sun fi, ba ta kuwa da wa'adi. Likitansa ya san ƙirjin nan, ya rubuta masa takarda. Mutumin nan bai yi ƙarya ba, likita ma bai yi ba. Gwamnati kuwa ba ta ji haushi ba, don wanda ya koma layin marasa lafiya ya fita daga lissafin marasa aiki, lissafin da jaridu ke caccakarta da shi kowane wata. Waɗansu masana na wata jami'a a birnin Shafil sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari, suka sa masa suna ɓoyayyen rashin aiki. An zare dutse na uku, tukunya ta karkata, miya ta zube ta wajen asusun marasa lafiya.

DUKAN TAIKI

Da kuɗin suka yi yawa sai aka shiga neman magani, maganin kuwa kullum iri ɗaya, watau a sake wa taimakon suna, a tsananta jarrabawa. A 1995 aka ce takardar likitan mutum ba ta isa ba, sai ya je likitocin hukuma sun gwada shi. A 2008 aka sake sabon suna da sabuwar jarrabawa, aka ba kamfanonin 'yan kasuwa kwangilar yin ta. Jarrabawar ta maki ce kamar ta makaranta: taku nawa ka ke iya yi, kana iya ɗaga hannu sama, kana iya zama a kujera na tsawon lokaci kaza. Wanda makinsa bai cika ba an ce ya isa aiki. Abin ya rage saurin hawan, gaskiya ne, amma adadin bai yi wata saukowa ta a zo a gani ba, ya tsaya sama da miliyan biyu.

A 2013 kuma aka taɓa wani taimakon dabam, na naƙasassu, wanda a ke bayarwa domin ɗawainiyar da naƙasa ke jawowa, kamar kuɗin mota ga wanda ba ya iya tafiya ƙasa, ko ladan mai taimakonsa wanka. Wannan ana ba mutum ko yana aiki ko ba ya yi. Aka soke tsohon aka kawo sabo wanda su ke kira PIP a taƙaice, da niyyar a rage kashi 20 cikin 100 na kuɗin. A 2019 ofishin da ke bin diddigin kasafin Gwamnati ya duba ya ce ba a rage kome ba, ƙaruwa ma aka samu. Ga kuma kotu. A shekarun 2019 zuwa 2023, cikin mutum 10 da aka hana su suka kai ƙara har gaban alƙalai, wajen 7 su ne suka yi nasara. Mu da a ke koya wa shirya jarrabawa mun san cewa jarrabawar da a ke soke sakamakonta sau bakwai cikin goma in an sake dubawa, ita ce ta faɗi, ba ɗalibi ba. Kowace ƙara kuwa kuɗi ce, ga watannin da mara lafiya ke yi yana jira ba ko anini.

HAWA NA BIYU

Bayan annobar korona ta 2020 sai abin ya sake tashi da ƙarfi. Wata cibiyar nazarin haraji da kasafi da ke Landan, wadda a ke kira IFS, ta lissafa cewa kuɗin rashin lafiya da naƙasa na mutanen da ke cikin shekarun aiki sun tashi daga fam biliyan 36 a shekarar kasafi ta 2019 zuwa biliyan 48 a ta 2023, bayan an cire hawan farashi. Biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ne. Masu karɓa a Ingila da Welis suka tashi daga miliyan 2.8 zuwa miliyan 3.9, watau mutum ɗaya cikin goma. Wani zai ce ai korona ce. To, korona ta shiga Faransa, ta shiga Jamus, ta shiga Amurka, amma yawancin ƙasashe masu arziki ba su ga irin wannan hawa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga tsagar da na gani.

Ta farko, layin asibiti. A 2010 jerin masu jiran aiki ko ganin babban likita a Ingila wajen miliyan 2.5 ne. A farkon 2020, tun korona ba ta iso ba, ya kai miliyan 4.6. A watan Satumba 2023 ya kai miliyan 7.7. Magini da ke jiran a gyara masa gwiwa ba ya hawa tsani. In ya yi shekara yana jira, gurbinsa ya tafi, jikinsa ya ƙara lalacewa, zuciyarsa ta mutu. Kuɗin da aka ƙi kashewa a asibiti sai a kashe su a ofishin taimako, kuma na asibiti sau ɗaya a ke biya, na taimako kuwa kowane wata. Wannan shi ne dutse na biyu na Bebarij.

Ta biyu, shekarun fansho. Da, mace na shiga fansho tana da shekara 60, namiji 65. Daga 2010 aka riƙa ɗaga na mata har ya kai 65 a 2018, sa'an nan aka mai da na kowa 66 a 2020. An sami rarar kuɗi mai yawa ta wannan hanya. Amma matar da ta yi shekara 40 tana goge daɓe, ta kai 63 hannuwa sun ƙage, ɗaga shekarun fansho bai warkar da ita ba. Da tana littafin tsofaffi, yanzu an rubuta ta a littafin marasa lafiya. Sai a zo ana nuna littafi na biyu ana salati, ba a ambaci abin da ya ragu a na farko ba.

Ta uku, ratar da ke tsakanin taga biyun nan. Daga 2016 zuwa 2020 aka daskarar da yawancin kuɗin taimakon masu ƙaramin ƙarfi, shekara huɗu ba ƙari, farashi kuwa yana hawa. Aka kuma tsananta horo ga mara aikin da ya makara zuwa ofis ko ya kasa nuna shaidar neman aiki. A 2024 mara aiki wanda ba shi da aure, mai shekara 25 ko fiye, yana samun wajen fam 393 a wata. In an tabbatar ciwo ya hana shi aiki sai a ƙara masa wajen fam 416, a kuma daina matsa masa. Watau takardar ciwo ta fi riɓanya abin da ya ke samu. Sa'an nan ga tsadar rayuwa, wadda a watan Oktoba 2022 ta kai kashi 11 cikin 100. Mutane da yawa masu ciwo na gaske, waɗanda da su ke haƙuri ba su nema, yunwa da sanyi suka tura su suka nema. Wanda ya rufe ƙofofin gida duka ya bar ɗaya, ba shi da bakin yin mamaki in ya ga cunkoso a bakinta.

Ta huɗu ita ce ta fi ba ni tsoro. Fiye da rabin ƙaruwar masu karɓar kuɗin naƙasa bayan korona ta wajen ciwon damuwa ne da sauran larurorin ƙwaƙwalwa, samari da 'yan mata kuwa suna da yawa a ciki. A nan ne masu cewa lalaci ne su ke samun bakin magana, tun da ciwon ba ya nuna a hoton asibiti. Amma hukumar da ke biyan kuɗin da kanta tana ƙididdige zamba kowace shekara, a kuɗin PIP kuwa abin da ta samu a 2024 bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Masana na gardama a kan wace tsaga ce ta fi girma cikin huɗun nan. Ni dai ban ga lalaci a cikinsu ba.

WA YA FI CIN TUKUNYAR?

Kafin mu ci gaba ya kamata mu san girman abin da a ke faɗa a kai. A shekarar kasafi ta 2024 dukan kuɗin taimakon jama'a na ƙasar sun haura fam biliyan 300. Fiye da rabi tsofaffi ne suka ci, fansho kaɗai wajen biliyan 138. Tun 2011 akwai alkawari cewa kowace shekara za a ƙara fansho da wanda ya fi yawa cikin abu uku, hawan albashi, ko hawan farashi, ko kashi biyu da rabi cikin 100. Ba na ƙyashin tsoho, ya yi wahalarsa. Amma tsofaffi su ne suka fi fita jefa ƙuri'a, shi ya sa ba mai ɗaga murya a kan nasu, sai a juya kan gurgu da mai ciwon baya. In kuwa aka auna dukan kuɗin da arzikin ƙasa, wajen kashi 11 cikin 100 ne, alhali bayan karyewar bankuna ta 2008 sun kai wajen kashi 12. Ashe tukunyar ba ta ƙara girma ba, rabon ne ya sake.

A watan Maris 2025 Gwamnatin jam'iyyar Leba ta kawo shirin rage wajen fam biliyan 5 a shekara, yawanci ta hanyar tsananta makin PIP. Ƙididdigar Gwamnatin da kanta ta nuna mutum 250,000 za su ƙara faɗawa talauci, 50,000 cikinsu yara. 'Yan majalisa fiye da 120 na jam'iyyar suka sa hannu suka ƙi. Ran 1 ga Yuli aka janye sashen PIP ɗin aka ce sai an sake nazari, aka bar ragin da ya shafi sababbin masu neman kuɗin rashin iya aiki. An sha wahala, an tsorata miliyoyin marasa lafiya wata huɗu, jaki kuwa yana tsaye inda ya ke.

Ku lura da wani abu kuma. In Gwamnati ta janye hannunta, ciwon ba ya tafiya, ɗawainiyar ce ke sake mai ɗauka. Ƙidayar 2021 ta sami mutum miliyan 5 a Ingila da Welis suna jinyar wani nasu ba lada, mata sun fi yawa. Ɗiyar da ta bar aikinta don ta zauna da uwarta ta daina biyan haraji, ta daina tara fansho, wata rana ita ma bayanta zai sage. Wannan hasara ba ta fitowa a takardar kasafi, amma ƙasa ce ke biyanta.

TO, A BARI KE NAN?

A'a. Masu cewa kada a taɓa kome su ma sun yi kuskure, kuma marasa lafiyar su ke cuta. Gwamnatin Ingila ta taɓa faɗa a 2006 cewa wanda ya yi shekara biyu yana karɓar kuɗin rashin iya aiki, ya fi kusa da mutuwa ko shiga fansho bisa ga komawa aiki. Ku yi tunanin yaro ɗan shekara 22 a wannan hali. An ba shi abin da zai hana shi mutuwa da yunwa, an rufe littafi, ba wanda zai sake tambayarsa sai ran sabunta takarda. Yana kuma tsoron ya gwada aiki na mako biyu, kada a ce ashe ya warke a yanke masa. Wannan ba jinƙai ba ne, ajiya ce aka yi aka manta.

Akwai ƙasar da ta taɓa shiga wannan rami ta fito. A Holan, wajen 1990, masu karɓar kuɗin naƙasa sun kusa miliyan ɗaya, a ƙasa mai mutum miliyan 15, har Firayim Ministansu Lubas ya ce ƙasar ce ba ta da lafiya. Su ma kamfanoni ne suka mai da asusun hanyar sallamar ma'aikatan da ba su so. Da suka tashi gyara sai suka nufi ƙofar shiga. Dokar 2002 ta tilasta wa ubangida da ma'aikaci da likitan wurin aiki su zauna tun cikin makonnin farko na ciwo, su rubuta yadda mutum zai komo, ko da rabin yini ne, ko da wani aikin ne dabam. Daga 2004 kuma ubangida ne ke biyan mara lafiya aƙalla kashi 70 cikin 100 na albashinsa har shekara biyu, in kuwa aka ga bai yi ƙoƙarin mai da shi ba a ƙara masa wa'adi. Cikin 'yan shekaru sababbin masu shiga suka ragu da fiye da rabi. Tsarin yana da nasa aibi, don waɗansu kamfanoni sun koma ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, suna gudun mai alamar ciwo. Duk da haka ya nuna inda jakin ya ke.

Ku gwada da Ingila. A can, a 2024, abin da doka ta tilasta wa ubangida ya biya mara lafiya bai kai fam 117 a mako ba, har mako 28, kwana uku na farko kuwa ba ko kwabo. A Jamus cikakken albashi a ke biya har mako 6. Wanda ciwon ma'aikacinsa bai taɓa aljihunsa ba, me zai sa ya saya masa kujera mai kyau ko ya sassauta masa lokaci? Sai ya bari ya tafi, Gwamnati ta ɗauka.

Sabo da haka da za a tambaye ni, sai in ce a fara da makonnin farko na ciwo, tun mutum yana da gurbi, tun abokan aikinsa ba su manta da shi ba. A gaggauta maganin baya da gwiwa da damuwa, waɗanda su ne suka fi kwantar da ma'aikata. A rage ratar da ke tsakanin taga biyu ta hanyar ɗaga ta ƙasa, don kada mutum ya ga sai ya rantse ba zai ƙara moruwa ba kafin ya ci abinci. A kuma ba mara lafiya damar gwada aiki ba tare da ya rasa abin hannunsa ba. Duk wannan kuɗi ne a yau, ribarsa kuwa sai bayan shekaru, shi ya sa Ministan da ke duban zaɓe mai zuwa ba ya sonsa. Amma don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

MU KUMA FA?

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar masu ƙoshi ce. Mu a Nijeriya yanzu mu ke aza harsashin namu ginin. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci kwana 12 na jinya da albashi a shekara, manomi da ɗan kasuwa da mai facin taya kuwa ko wannan ba su da shi. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya, namu kasafin na tarayya yawancin shekaru ko rabin haka bai kai ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majiyyaci da danginsa su ke fita. Ba wanda ke kuka a Majalisa cewa kuɗin marasa lafiyarmu sun yi yawa, don ba a littafin Gwamnati a ke rubuta su ba. A gona a ke rubuta su ran da aka jinginar da ita, da a rajistar makaranta ran da aka cire yaro don uba ya kwanta. A 2022 aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. In Allah ya sa ta kankama, wata rana mu ma za mu ga kuɗin suna hawa, za a kuwa sami masu cewa talakawa ne suka lalace. Ran nan ina fata waɗanda suka karanta wannan za su tambaya tukuna, wace ƙofa aka rufe, wane dutse aka zare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba shugabanni basirar gane jaki da taiki, amin.